MAƘALAR MAKO: Wanda Ya Kayar Da Ubangidanka, Kujerarsa Yake Nema

 

Makon jiya wani ɗan'uwa ya ɗora mana bidiyon tsofaffin jiragen yaƙin Japan, ya rubuta a ƙasa cewa ga ƙasar da ta fara koya wa Bature hankali. Kafin la'asar yabo ya cika wurin. Wani ma cewa ya yi da Japan ce ta ci Yaƙin Duniya na Biyu, da tun 1945 mun samu 'yancin kai, da yanzu Birnin Kebbi ta zama kamar Tokyo. Mun karanta, mun bari zuciya ta huce, yau ga amsarmu. Wanda ya ɗora bidiyon ɗan'uwanmu ne, tare muke shan shayi, kuma mun san ƙin zalunci ne ya sa shi. Da tunanin muke faɗa, domin ya fara yi mana yawa: duk wanda ya mari wanda ya mare mu, sai mu ɗauke shi masoyi, ba tare da mun tambayi abin da ya kawo shi ba.

Bari mu fara da ba mai gaskiya gaskiyarsa. A 1853 jiragen yaƙin Amurka suka tsaya a bakin tekun Japan suka tilasta mata buɗe ƙofa ga fataucinsu. Japanawa suka ga abin da ya samu Sin a hannun Ingila, suka gane cewa in ba su tashi ba su ne na gaba. A 1868 suka sauya tsarin mulkinsu, aka shiga zamanin Sarki Meiji. Cikin shekara arba'in ƙasar manoman shinkafa ta koma mai masana'antu, da jirgin ƙasa, da rundunar ruwa. A 1904 ta kara da Rasha, a watan Mayun 1905 ta tarwatsa rundunar ruwan Rasha a mashigin Tsushima. Labarin ya girgiza duniya. Daga Masar zuwa Indiya mutanen da ke ƙarƙashin Turawa suka yi murna, domin sun ga ashe Bature ma yana faɗuwa. Ku tuna a lokacin shekara biyu kacal ke nan da faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, da shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Da labarin ya iso zaurukan Gwandu a ranar, da mu ma mun yi murna. Wannan ba mu musa ba.

Amma akwai abin da masu bidiyo ba sa sawa. Japan ɗin da ta doke Rasha ƙawar Ingila ce ta ƙut da ƙut. Sun rattaba hannu kan yarjejeniyar ƙawance a 1902, shekara ɗaya kafin sojojin Lugga su tsaya a bakin ganuwar Sakkwato. Babban jirgin da ya jagoranci yaƙin Tsushima, mai suna Mikasa, a Ingila aka ƙera shi. Kuɗin yaƙin kuwa, wani babban kaso bashi ne daga bankunan Landan da New York. Da aka sabunta ƙawancen a 1905, Ingila ta amince Japan ta yi yadda ta so da Koriya, Japan kuma ta amince ta mara wa Ingila baya a kan Indiya. To ina ceton raunana a nan? Manya biyu ne suka zauna suka raba gonakin mutane, kowa ya sa wa ɗan'uwansa albarka.

Kuma me Japan ta yi da ƙarfin da ta samu? Tun 1895, bayan ta ci Sin da yaƙi, ta karɓe tsibirin Taiwan. A 1910 ta haɗiye Koriya ɗungurungum, ta riƙe ta shekara 35. Da Koriyawa suka fito zanga-zangar neman 'yanci a ranar 1 ga Maris 1919, harsashi aka ba su amsa da shi. Daga baya aka kori harshensu daga makarantu, aka matsa musu su bar sunayen iyayensu su ɗauki na Japanawa. Ku dubi wannan da kyau, 'yan uwa. A ce an zo Gwandu an ce daga yau babu mai amsa Abdullahi ko Haliru, kuma duk yaron da ya yi Hausa ko Fulatanci a aji zai sha bulala. A 1931 sojojin Japan suka dasa bam a layin dogonsu da kansu a Mancuriya, suka ce mutanen Sin ne, suka fake da haka suka mamaye yankin, suka ɗora sarkin je-ka-na-yi-ka. A 1937 suka afka wa Sin gaba ɗaya. Abin da suka yi a birnin Nanjin a watan Disamba na shekarar, na kisan fursunoni da farar hula da keta haddin mata, kotun da ta zauna a Tokyo bayan yaƙi ta ƙiyasta mamatan da fiye da 200,000. Waɗannan mutanen ba Turawa ba ne. Maƙwabtan Japan ne, masu kama da ita, masu cin shinkafa irin tata.

Sannan aka zo babban yaƙi. Japan ba ta da man fetur, ba ta da roba, ba ta da kuza. Da Amurka ta toshe mata mai a 1941, sai ta yanke shawarar ƙwato shi da ƙarfi daga inda yake: mai a Indunusiya da ke hannun Holan, roba da kuza a Malaya da ke hannun Ingila. Ta kai hari Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941. Ranar 15 ga Fabrairu 1942 Singafo ta faɗi, sojojin Ingila da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta wajen 80,000 suka miƙa wuya. A watan Maris Rangun, babban birnin Bama, ya bi sahu. Duk inda suka shiga da kalma mai daɗi suke shiga: Asiya ta 'yan Asiya ce, mun zo mu kori farar fata, za mu ci arziki tare. Mutane da yawa suka yarda, suka tarbe su da murna.

Ba a daɗe ba aka ga arzikin da za a ci tare. An shimfiɗa layin dogo mai tsawon kilomita 415 tsakanin Tailan da Bama cikin 1942 da 1943, da aikin tilas. Fursunonin yaƙi fiye da 12,000 suka mutu a aikin, su ne ake yi wa fina-finai saboda yawancinsu Turawa ne. Leburori 'yan Asiya da suka mutu a wurin sun ninka haka sau da yawa, ana ƙiyasta su da wajen 90,000, kuma su ne mutanen da aka ce an zo 'yantawa. A tsibirin Jawa an kwashi talakawa zuwa aikin tilas, an ƙwace shinkafar manoma don ciyar da soja. An tara mata daga Koriya da Sin da Filifin a gidajen da sojoji ke shiga.

In kuna son shaida daga wanda ya ɗanɗana, ga Aung San na Bama. Matashi ne mai kishin ƙasa kamar yadda muke ji da kanmu. Ƙin Ingila ya kai shi Japan, suka horar da shi, ya dawo tare da sojojinsu a 1942 yana ganin ya kawo wa ƙasarsa 'yanci. Shekara uku ya yi yana kallon yadda sababbin iyayen gida ke marin mutanensa a kan titi. Ranar 27 ga Maris 1945 ya juya bindigoginsa a kan Japanawan da ya rako. An yi gudun gara an faɗa gidan zago, kuma da jinin mutanensa aka biya kuɗin fita.

Wani zai ce to mu ina ruwanmu, abin da ya faru a can ƙarshen duniya? Da ruwanmu ƙwarai, domin wannan rikicin na manya har ƙofar gidajen kakanninmu ya zo, ta hanya biyu.

Ta farko kuza. Da Malaya ta faɗa hannun Japan, Ingila ta rasa inda take samun mafi yawan kuzarta, sai ta juyo kan tsaunukan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka kafa dokar aikin tilas, aka riƙa ɗibar talakawa daga lardunan Arewa, dubbai kan dubbai, ana kai su haƙar kuza. Umarni yakan fito daga Razdan zuwa En'e, daga En'e zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, dagaci kuma ya nuna gidan da ba shi da mai tsaya masa. Mutumin da ya saba da zafin ƙasar Hausa aka kai shi sanyin Filato ba bargo, ba wadataccen abinci. Da yawa ciwon haƙarƙari ya kashe, wasu suka gudo da ƙafa. Manomin da bai taɓa jin sunan Singafo ba, faɗuwarta ce ta raba shi da gonarsa.

Ta biyu soja. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, daga Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. 'Yan Nijeriya ne mafi yawa, kuma Hausa ce harshen bariki a bataliyoyinsu. Aka zuba su a jirgin ruwa daga Ikko zuwa Indiya, daga nan sai dajin Bama. Afirkawan da suka yi wannan yaƙin sun kai wajen 90,000. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin Kaladan a 1944, inda babu hanyar mota, sai dai jirgin sama ya jefo musu abinci. Akwai dubban da aikinsu dako ne, su ɗauki harsashi da kayan yaƙi a ka su hau duwatsu cikin ruwan sama, da yawansu ba a ba su ko bindiga ba. Bataliya uku ta 'yan Nijeriya suka shiga cikin mayaƙan Chindit da aka sauke a bayan layin Japanawa. A watan Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace garin Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo har can ya je ya duba su. A nan gida kuwa zamanin Sarkin Gwandu Yahaya ne, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ita ke kawo labarin fagen daga, mai karatun boko ɗaya ya karanta, zaure guda ya saurara.

Yau in ka je Zariya akwai barikin Chindit. A Kaduna akwai Dalet da Kalapanzin, a Ikko akwai Arakan da Myohaung. Duk sunayen Bama ne. Muna wucewa ta gabansu a mota, ba mu taɓa tambayar ma'anarsu ba. Iyayenmu sun tashi sun tarar da 'yan mazan jiya a unguwanni, masu lambobin yabo a cikin tsohuwar adaka, wasu masu gadi, wasu 'yan doka, wasu kuma sun dawo da taɓin da ba a san maganinsa ba, yara na binsu suna tsokana. Albashinsu bai kai na farar fata mai igiya ɗaya da su ba, kuɗin sallamarsu ma haka, kuma har a lokacin yaƙin ana yi wa sojan Afirka bulala. Da aka gama, Ingila ta koma Bama da Malaya da Singafo ta sake kafa tutarta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

To ku haɗa hoton. A dajin Arakan, ɗan talakan ƙasar Hausa yana riƙe da bindigar Sarkin Ingila, ɗan manomin Japan yana riƙe da ta nasa sarkin, suna kashe juna a cikin gonar ɗan Bama wanda ba a tambayi ra'ayinsa ba. A cikin su ukun babu wanda rijiyar mai ko ramin kuza zai zama nasa in an ci nasara. Wannan shi ne yaƙin da ɗan'uwanmu ke fatan da ɗaya ɓangaren ya ci.

Mun san abin da za a ce: ashe ku 'yan kanzagin Turawan Yamma ne. A'a. Mu jikokin waɗanda suka ga Satiru ne. A 1906, 'yan kilomitoci kaɗan daga Sakkwato, sojojin Ingila suka kashe mutane wajen 2,000 suka shafe garin daga doron ƙasa, kuma a wannan shekarar suka tuɓe Sarkin Gwandu. A 1943, ana tsakiyar yaƙin da suka ce na kare 'yanci ne, yunwa ta kashe mutane wajen miliyan 3 a Bengal ƙarƙashin mulkinsu. Amurka ta rufe yaƙin da jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta 1945, da Nagasaki ranar 9, a kan mata da yara da tsofaffi. A 1919 ma, da Japan ta nemi a rubuta daidaiton launin fata a dokar Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci, Turawan ne suka ƙi. Duk mun sani. Abin da muke cewa shi ne laifin Ingila ba ya wanke Japan, kamar yadda laifin Japan bai wanke Ingila ba. Mai hankali yana iya ƙin kura biyu a lokaci ɗaya.

Za a kuma ce ai nasarorin Japan ne suka karya kwarjinin Bature, shi ya sa Indunusiya ta ayyana 'yanci a 1945, Indiya ta samu a 1947, Bama a 1948. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Amma gobarar da ta cinye gidan yari har fursuna ya samu hanyar fita, ba don tausayinsa ta tashi ba. Ku tambayi Koriya, wadda Japan ta riƙe shekara 35 babu Bature ko ɗaya a tsakaninsu, ranar da aka taɓa yi mata maganar 'yanci. Sai da Japan ta faɗi a watan Agustan 1945 ta fita.

Kuma in akwai mutanen da bai kamata a ruɗe su da wannan wasan ba, mu ne mutanen Gwandu. A 1885 Joseph Thomson ya zo nan a madadin kamfanin Ingilishi na Goldie, ya koma da takarda yana cewa an ba su ƙasa. A 1895 ayarin Jamusawa ya taso daga Togo ya iso nan, su ma suka koma da tasu takardar. Faransawa na ta yamma suna matsowa. Kowannensu da fara'a ya zo, da kyaututtuka, da alkawarin abota da kariya daga sauran. A ƙarshe a biranen Turai aka zauna aka yanka daular da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bari. Dori da Sayi suka tafi hannun Faransa, yau ɗaya tana Burkina Faso ɗaya tana Nijar. Mu da Nufe da Ilori muka faɗa hannun Ingila. Babu wanda ya aiko Gwandu neman shawara.

Abin da ya sa muka tsawaita shi ne maganar ba ta Japan kaɗai ba ce. Japan ta yau ta ajiye wancan hali tun 1945, motocinta da baburanta muke hawa, ba mu da rigima da ita. Tunanin ne bai mutu ba. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023 mun ga tutocin Rasha a titunan Yamai. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024 mun gan su a Kano da Kaduna, a hannun yaran da yawancinsu ba za su iya nuna Rasha a taswira ba, har aka kama telolin da suka ɗinka. Yunwar da ta fito da yaran gaskiya ce. Fushin 'yan uwanmu na Nijar da Faransa ma yana da dalili, wanda ya san tarihin yuraniyom ɗin Arlit ba zai musa ba. Amma talakan da ke cin abinci a iyakar Kamba ya san wanda ya sha wuya da aka rufe boda, kuma ba a Paris ko Mosko yake ba. A wannan zauren kullum ana rabuwa gida-gida, wasu na Rasha, wasu na Sin, wasu na Amurka, ana zagin iyaye a kan shugabannin da ba su san da zamanmu ba, sai ka ce magoya bayan ƙwallo. Babbar ƙasa ba ta tsallako teku don ta ga kyan idonmu. In ta zo, akwai abin da ta hango, ko a ƙarƙashin ƙasarmu, ko a kasuwarmu, ko a ƙuri'armu a Majalisar Ɗinkin Duniya. A yi hulɗa da kowa, a yi ciniki ido buɗe, a karanta takarda kafin a sa hannu. Amma ɗaga tutar wani a titin garinku, wannan neman sabon ubangida ne.

In dai koyi muke son yi da Japan, akwai abin koyi, sai dai ba a bidiyon jiragen yaƙi yake ba. A 1871 ta tura manyan jami'anta suka yi kusan shekara biyu suna zagaya Amurka da Turai, suna duba makarantu da masana'antu da asibitoci, suna rubutawa. A 1872 ta kafa dokar ilimi ga kowane yaro, mace da namiji. Ta fassara ilmin kimiyya da likitanci da injiniyanci zuwa harshenta, ɗan manomi ya karanta da harshen da uwarsa ke yi masa magana. Da wannan ta tashi. Sojojinta kuwa su suka kai ta ga toka a 1945, kuma makarantun ne suka sake tayar da ita. Mu da muka fito daga garin da ya shahara da malamai da rubuce-rubuce tun zamanin Malam Abdullahi, mu fita mu ƙirga yaran da ke yawo a kasuwar Kalgo ranar makaranta, sannan mu dawo mu yi maganar zama kamar Tokyo.

Muna da roƙo guda ga mazauna wannan zaure, musamman 'yan uwanmu marubuta. Mun yi firamare, mun yi sakandare, wasunmu mun yi difloma, babu ajin da aka taɓa ambata mana Kaladan. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu suna nan, sun manyanta, kuma sun ji labari daga bakin iyayensu. A wannan makon kowa ya samu dattijo ɗaya a Gwandu, ko Dalijan, ko Kambaza, ko Kalgo, ko Diggi, ya gaishe shi da ladabi ya ce, "Baba, a gidan nan ko a unguwar nan wa ya je yaƙin Bama? Wa aka ɗiba zuwa kuza? Ya dawo ko bai dawo ba?" Ku naɗi muryarsa a waya in ya yarda. In akwai lambar yabo ko takardar sallama a adaka, ku ɗauki hotonta da izinin masu ita. Mu tara, mu tace, mu fitar da shi da Hausa. Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja don tunawa da 'yan mazan jiya, amma sunan na unguwarku in ba ku kuka rubuta ba babu mai rubutawa.

Wanda ke da hujjar da ta saɓa wa tamu, zaure a buɗe yake, ya kawo ta da shekara da suna, za mu karanta, in mun yi kuskure mu gyara. Zagi dai ba ma amsawa.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, waɗanda suka dawo da waɗanda ƙasar Bama da duwatsun Jos suka riƙe. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Kebbi da Nijeriya da maƙwabtanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Daga Gwandu, Jihar Kebbi.